Kiwon finci 'yan Ostiraliya: a keji kullum damina ce

Duk wanda ya leƙo gidana ya ga kejin ƙananan tsuntsayen nan, tambayarsa ɗaya ce, Malam wai me kake ba su ne suke ta zuba ƙwai haka? Wasu ma gani suke akwai wani magani da nake ɓoyewa. To wallahi babu. Zebra finci ba a sa shi yin ƙwai, in dai ka haɗa mace da namiji ka ajiye musu gero da ruwa to an gama magana, ko a kwanon abinci ma sai ta yi maka, na ga wadda ta yi nata a ƙasan keji ta haye kai ta kwanta abinta. Aikin da ke gabanka shi ne yanda za ka taka musu birki, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke asarar matan ba su san dalili ba, sai ka ji ana cewa ai tsuntsayen Turai ne ba sa jure ƙasarmu, alhali sam ba haka abun yake ba.

Na farko ma dai ba na Turai ba ne. Ɗan Ostiraliya ne, kuma ba irin bakin tekun nan mai ni'ima inda su Sidni suke ba, asalin gidansa can ciki ne inda yake fako da ƙaya da busasshiyar ciyawa, irin kewayen Alice Springs, ya bazu a kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar. Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa santimita 10 nauyinsa wajen giram 12. Namijin yana da kumatu ruwan lemo da zane-zane baƙi da fari a maƙogwaro, gefen cikinsa ja-ja da ɗigo-ɗigon fari, baki jawur, macen kuwa toka-toka ce kawai bakinta ruwan lemo. Kuma ɗan jan tsuntsun nan namu da yake shigowa tsakar gida yana tsintar tsaba a gindin turmi, wanda bai cika tsoron mutane ba, danginsu ɗaya ne a wajen masana, in ka lura da tsalle-tsallensu da yanda suke ɓare ƙwaya da baki za ka ga kamannin.

Abun da ya raba su da namu shi ne ruwan sama. Mu nan ko an yi jinkiri ko an yi fari dai mun san watannin damina, tsuntsayenmu ma sun sani. A tsakiyar Ostiraliya kuwa ruwa ba shi da alkawari, sai a shafe watanni da yawa ko ɗigo babu, sannan a wayi gari an tafka shi lokacin da ba wanda ya zata, ciyawa ta taso ta yi kai cikin 'yan makonni ta kuma bushe. To da ɗanyen 'ya'yan ciyawar nan masu ruwa-ruwa da ba su gama ƙosawa ba suke ciyar da 'ya'yansu, don haka tsuntsun da zai tsaya jiran wani lokaci na musamman ya rasa rabonsa. Sai Allah ya yi shi kullum a shirye, da ya ga alamar yalwa sai gini, sai ƙwai, ba wani jan aji, kuma ɗan da aka ƙyanƙyashe yau nan da kwana 70 zuwa 80 shi ma ya isa haihuwa, wato in shekarar ta yi kyau kafin albarkar ruwan ta wuce har jikoki an samu.

Yanzu ka ɗauko wannan halitta ka sa a keji. Kwano cike da gero kullum, ruwa ba ya yankewa, ga ganye ga dafaffen ƙwai, ga sheƙa ka rataya masa saboda ta yi maka kyau a ido. Shi fa a lissafinsa damina ce ta sauka, kuma daminar da ba ta ɗaukewa. Macen za ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba su gama koyon ci da kansu ba ta sake zuba wasu, su ma haka, tun kana murna kana ɗaukar hoto kana turawa abokai har wata safiya ka tarar da ita a ƙasan keji. A daji fari ne yake hutar da ita. A gidanka babu fari, to kai ne za ka kawo mata rani da hannunka.

Yanda nake yi ba wani abu ne mai wahala ba. In aure ɗaya suka yi kwanci biyu, iyaka uku a shekara, to sun biya kuɗin geronsu, sai in cire sheƙar gaba ɗaya in kwashe duk wata ciyawa ko tsinke da za su iya ɗauka, in rage musu dafaffen ƙwai da tsiron gero ya koma jefi-jefi. In macen mai kunnen ƙashi ce ta koma yi a kwano, sai in raba su, maza keji guda mata keji guda, amma kusa da kusa inda za su riƙa jin muryar juna, don su masu riƙon aure ne, wanda suka zaɓa galibi shi ne har mutuwa, in ka nesanta su da yawa sai su yi ta kira ba sukuni. Yara a gida sukan yi min magiya in na cire sheƙa, wai Baba to a ina za su kwana. A kan sanda mana. Gaskiya ne a daji har 'yar sheƙar kwana suke yi daban da ta ƙwai, amma a keji ba shaho ba maciji, barcinsu suke sha lafiya lau a manne da juna. Sannan batun shekaru, don ta isa yin ƙwai a wata uku ba shi ne ka bar ta ta yi ba, ni ba na sa wa mace sheƙa sai ta kai wata takwas zuwa tara, wasu na cewa shida ma ya yi, ni dai ban ga abun gaggawa ba.

Dalilin duk wannan takatsantsan ɓawon ƙwai ne. Kalsiyam ne, wato sinadarin nan mai gina ƙashi, kuma daga jikin macen yake fita, in babu isasshe a abinci sai jikin ya riƙa zaro shi daga ƙashinta, ƙwai 4 zuwa 6 a kowane kwanci ga tsuntsuwa mai giram 12, ka lissafa ka gani. Ƙarshenta ƙwan ya zo da laushi ko ƙarfin yunƙurin ya gaza ya maƙale mata. Alamar ba ta ɓuya, za ka ganta a ƙasa ta kumbura gashi, ido a lumshe, bindi yana sama yana ƙasa, ƙasan cikinta ya ɗan tasa. Wannan ba abun a bari sai gobe ba ne, awoyi ne kawai. A sa ta a ƙaramin keji mai ɗumi, wajen digiri 30, a ajiye kofin ruwan zafi daga waje yanda tururin zai riƙa isa gare ta, in akwai kalsiyam na ruwa a ɗiga mata ɗigo ɗaya a gefen baki. Kar a matsa cikin don Allah. Na san hannu yana ƙaiƙayi, mutum ya ga in ya ɗan tura zai fito, to in ya fashe a ciki shi ke nan sai haƙuri. In akwai likitan dabbobi kusa da ya san tsuntsaye a garzaya. Amma rigakafin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ɓawon ƙwan kaji da aka tafasa aka shanya aka daddaka kullum ya zama akwai shi a ɗan murfi, ko farin ƙashin nan na wata halittar teku da masu kayan tsuntsaye suke sayarwa, sannan su riƙa shan hantsi, saboda in ba hasken rana jikin ba ya iya amfani da kalsiyam ɗin yanda ya kamata, kuma ranar da ta ratso ta gilashin taga ba ta wannan aikin.

To in lokacin da kai ka zaɓa ya yi, abun gwanin sha'awa ne wallahi. Ni nakan kauce wa tsakiyar bazara da tsananin hunturu, na fi son ƙarshen damina zuwa kaka lokacin da ciyawa ta yi kai ko'ina. Sheƙa ba sai ka sayi ta kanti ba, ɗan kwandon kaba ya yi, ƙaramin duma da aka huda ya yi, akwatin katako mai faɗin santimita 12 ya yi. Namijin ne sarkin jigila, zai ɗauko ciyawa ɗaya-ɗaya ya shiga ciki yana wani ƙaramin kuka yana kiranta ta zo ta duba aiki. Ka ba su busasshiyar ciyawa mai laushi ko zaren ɓawon kwakwa da aka yayyanka gajeru. Ban da zaren ɗinki, ban da auduga, ban da zaren buhu, ban da gashin da aka taje aka yar, waɗannan nannaɗe ƙafa suke yi su tsayar da jini, kafin ka ankara yatsa ya yi baƙi ya faɗi. Kuma da ka ga ƙwai ya fara sauka ka kwashe ragowar ciyawar, in ba haka ba maigidan ba zai daina gini ba, zai rufe ƙwan da sabuwar ciyawa ita kuma ta zuba wasu a sama, ya sake rufewa, ranar da ka zo gyara sai ka tarar da hawa-hawa na ƙwai ba ko ɗaya da ya samu ɗumi.

Ƙwai ɗaya macen take yi a rana, galibi da safe, kuma sai wajen na uku suke fara kwanci sosai, suna karɓa-karɓa ita da shi. Kwana 12 zuwa 14 ake ƙyanƙyasa. In kana son sanin ko akwai ɗa, bayan kwana 5 zuwa 7 da fara kwanci ka haska ƙwan da tocilar waya a wuri mai duhu, in ka ga jan jijiyoyi sun bazu to alhamdulillahi, in kuwa fayau yake to baragurbi za a yi. Sau ɗaya ya isa. Masu leƙen sheƙa safe da yamma su ne suke dawowa suna cewa tsuntsayensu sun gudu sun bar ƙwai.

'Ya'yan suna fitowa kusan tsirara da ɗan farin gashi tsilli-tsilli, kwanakin farko da kyar za ka ji muryarsu, bayan sati guda kuwa sai ka toshe kunne in ana ba su abinci. Akwai abun da yake tsorata sababbi, za ka ga wata 'yar jaka ta kumburo a gefen wuyan ɗan har kana hango ƙwayoyin gero ta cikin fata, wani ya taɓa kirana hankali a tashe wai ƙari ya fito wa 'ya'yan tsuntsunsa duka. Ba ƙari ba ne, ma'ajiyar abinci ce, in ka ganta cike da yamma to iyayen suna aikinsu, ranar da ka ganta fayau ce ranar damuwa. Wajen sati uku suke fitowa daga sheƙa, bakinsu baƙi ƙirin duk sun yi kama da uwar, iyayen su ci gaba da ɗura musu na wani sati biyu, wajen kwana 35 sun iya ci da kansu. Daga sati shida ka mayar da su wani kejin, don uban yakan fara korarsu har da figar gashi in ransa ya koma kan sabon kwanci.

Sai dai kar ka kai su inda ba za su ji uban ba, musamman mazan. Namiji ne kaɗai yake waƙa, kuma ba da ita aka haife shi ba koya yake yi, daga wajen kwana 25 yana saurare, sai ya fara gwalantu marar kan gado, zuwa kwana 90 waƙar ta zauna kuma ita zai yi ta yi har ya mutu. Ba wata waƙa ce mai daɗi irin ta kanari ba gaskiya, wani ɗan ƙara ne ta hanci da ake maimaitawa, amma kowane namiji da tasa, kuma in ka daɗe da su sai ka riƙa gane wannan ɗan wane ne daga jin salon. Saboda wannan ne masana ƙwaƙwalwa suka maƙale masa, da shi ake binciken yanda jariri yake koyon magana, har a 2010 aka kammala karanta dukkan ƙwayoyin halittarsa, shi ne tsuntsu na biyu da aka yi wa haka bayan kaza. Wanda ya fi ba ni mamaki ma shi ne binciken da Mylene Mariette da Katherine Buchanan na Jami'ar Deakin suka fitar a 2016, sun gano in zafi ya haura digiri 26 iyayen suna yi wa ƙwai wani kuka na daban a kwanakin ƙarshe kafin ƙyanƙyasa, kuma 'ya'yan da suka ji kukan tun suna cikin ɓawo in aka yi zafi ba sa girma da sauri, sai su tashi 'yan ƙanana, wanda kuma ya fi musu a ƙasar zafi. Ikon Allah. Digiri 26 fa, mu da muke ganin 40 a Afrilu, nawa kam ina jin ba sa rufe baki.

Zafin dai suna jurewa fiye da yanda ake zato, in akwai inuwa da iska da ruwan wanka. In ka gansu baki buɗe suna haki sun ɗaga fukafukai to ya yi yawa, a matsar da kejin daga ƙarƙashin rufin kwano, a sa musu ruwa a faranti marar zurfi su yi ta facal-facal. Ka lura da yanda suke sha ma, ba sa ɗaga kai sama bayan kowane kurɓi, tsoma baki suke su zuƙa irin na tantabara. Da hunturu kuma iskar dare ce matsala ba sanyin kansa ba, a rufe ɓangaren da take bugowa da buhu ko tsohon zani. Abun da yake kashe su farat ɗaya a gidajenmu hayaƙi ne da feshi, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya, hayaƙin janareto, har turaren wuta, numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne abu kaɗan ya ishe shi. Uwargida takan ce, Maigida wai yanzu saboda tsuntsaye ba zan turara ɗakina ba? In ce ki turara mana ranki ya daɗe, bari dai in fita da kejin tukunna.

Abinci kuwa mu Allah ya hutar da mu, abun da wasu ƙasashe suke saya a leda da tsada mu a buhu muke auna shi. Gero mai ƙananan ƙwaya, da acca wadda ba a surfa ba in ka samu, suna sonta sosai. Amma ka san inda geronka ya fito, wanda aka zuba wa maganin ƙwari a sito ba ya nuna alama a ido, gara ka saya wajen manomin da ka sani ko ka wanke ka shanya ya bushe ƙayau. Gero zalla kuma ba ya isa, musamman in akwai 'ya'ya, sai an haɗa da dafaffen ƙwai da aka murtsuke har da ɓawonsa, a ɗauke ragowar bayan 'yan awoyi don a zafin nan nan da nan yake lalacewa. Sai tsiro, ka jiƙa gero ya kwana ka wanke ka tsane, kana ɗauraye shi safe da yamma har ya fito da ɗan farin baki, wannan shi ne ya fi kusa da ɗanyen 'ya'yan ciyawar da suka sani a daji, amma ka shinshina kafin ka ba su, in ya yi tsami ko ya yi yauƙi a zubar kawai. Da damina ka yanko musu kan harƙiya da guɗe-guɗe ka rataya, daga inda ba a yi feshi ba, ka tsaya ka ga yanda za su yi rububi. Latas, alayyafo, zogale, kokwamba duk suna ci. Fiya, wato avokado, guba ce gare su kar a kuskura. Sannan kullum ka hura kwanon, saboda ɓare ƙwaya suke su bar ɓawon a ciki, sai ka hango kwano cike ashe ƙaiƙayi ne zalla, kuma tsuntsu ƙarami haka ba ya jure yunwar kwana biyu.

Keji tsawo ake nema a kwance ba a tsaye ba, don tashinsu daga gefe zuwa gefe ne, aure ɗaya a ba su aƙalla santimita 60 zuwa 75, sanda ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan a bar tsakiya fili. Zagayayyen kejin nan mai kwalliya da ɗan kejin kanari duk ba nasu ba ne, kuma kanari ne ake ajiyewa shi kaɗai, zebra shi kaɗai ƙunci yake shiga. Ramin ragar kar ya wuce santimita ɗaya, ba don kar su fita kaɗai ba, don ɓera da ƙananan macizai. Ƙafafun kejin a tsoma su a gwangwani mai ruwa saboda tururuwa, suna iya gamawa da 'ya'ya a dare ɗaya. Kuma kar a haɗa su da ƙananan akun nan masu lanƙwasasshen baki da ake ce wa lobbad a kasuwa, cizo ɗaya ya karya musu ƙafa.

Masu son launi kuma akwai fari fat, akwai mai dabbare-dabbare, akwai ruwan ƙasa, akwai mai baƙin kumatu. Farin ba shi da kumatu ko zane, da baki ake gane shi, na namiji ya fi ja. Ruwan ƙasan akwai wani abun burgewa a gadonsa, in ka haɗa namiji ruwan ƙasa da mace toka-toka ta asali, duk 'ya'ya matan za su fito ruwan ƙasa mazan kuma toka-toka, kaga tun suna cikin sheƙa ka san waye waye. Amma neman launi shi yake sa mutane haɗa wa da ƙanwa, uba da 'ya, zubi bayan zubi, sai ka ga tsuntsayen suna ta ƙanƙancewa baragurbi yana yawa. Ka riƙa rubuta wa ya haifi wa ko a bayan kalanda ne, kuma ka riƙa musayar maza da wani mai kiwon.

Duk wannan surutun a kan zebra ne. Akwai sauran 'yan uwansa na can, mai farar fuska da baƙin zobe kewaye da ita, da mai jar fuska da ɗigo-ɗigo, da mai dogon bindi da baƙin tabo a maƙogwaro, amma na san wanda yake ran yawancin mutane Guldiyan ne, wanda in ka ga hotonsa sai ka rantse fenti aka yi masa. Baya kore, ƙirji shunayya, ciki rawaya, kai kuma baƙi ko ja ko ruwan lemo. A daji wajen uku cikin huɗu baƙin kai ne, sauran kusan duk ja, mai ruwan lemon sai an tona. Wani Baturen Ingila masanin tsuntsaye John Gould ne ya sa masa suna a 1844 don tunawa da matarsa Elizabeth wadda ita ce take zana masa hotunan tsuntsaye, ta rasu a 1841.

Guldiyan ba ɗan hamada ba ne. Can ƙuryar arewacin Ostiraliya yake, yankin Kimberley da kewayen Katherine har zuwa wani ɓangare na Kwinslan, dajin ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi mai damina da rani sak irin namu, sai dai nasu a juye, ruwansu daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ne. Babban abincinsa da rani 'ya'yan wata dawar daji ce, dangin dawar nan tamu ta tuwo, kullum sai ya sha ruwa, kuma a kogon bishiyar turare yake sheƙa. Saboda duhun kogon ne 'ya'yansa suke da wasu 'yan ƙulli shuɗi masu ƙyalli a gefen baki, da ɗan haske ya taɓa su iyayen sun ga inda za su ɗura abinci, ranar farko da ka gani sai tsikar jikinka ta tashi. Da can garke-garke ake ganinsu ana kama su dubbai ana sayarwa, Ostiraliya ta hana fitar da tsuntsayenta waje tun wajen 1960, wato duk wanda ka gani a kasuwa a wata ƙasa tattaɓa-kunnen na keji ne. A dajin kuwa sun ragu har an taɓa ƙiyasta manyan da suka rage ba su kai 2,500 ba. Babban dalili wutar daji ce, mutanen asali na ƙasar da wuri suke ƙuna kaɗan-kaɗan tun ciyawa da sauran danshi, da aka daina hakan sai wutar ƙarshen rani mai ƙarfi ta riƙa lashe komai, iri da tsofaffin bishiyoyi masu kogo, ga shanu sun cinye ciyawar da suke dogara da ita a farkon damina. Yanzu an dawo da ƙunar wuri a wasu yankuna har ana rataya musu akwatunan sheƙa a bishiyoyi.

To tunda shi mai kalanda ne, kiwonsa ma da kalanda ake yi. In ka cika masa kwano da daɗi shekara zagaye sai ya yi ƙiba ya zuba maka ido, ko namiji ya shirya mace ba ta shirya ba. Masu kiwonsa sukan yi masa 'yan makonni a kan busasshiyar ƙwaya da ruwa da kalsiyam kawai, sannan su fara ƙara tsiro da ƙwai a hankali, sai jikin su biyun ya tashi tare. Bakin macen ne zai gaya maka, in ya rine ya koma baƙi-baƙi to ta shirya. Kwancinsu wajen sati biyu ne su ma, 'ya'yan kuma sukan haura sati uku kafin su fito. Amma raki gare shi ba kaɗan ba. Iskar hunturu da zebra zai kwana a ciki ya tashi yana waƙa shi tana iya kwantar da shi. Akwai wasu 'yan ƙwari da ido ba ya gani sosai da suke shiga hanyar numfashinsa, in dare ya yi tsit ka kara kunne za ka ji ƙas-ƙas yana buɗe baki, akwai maganinsa irin su ibamektin amma awon na tsuntsu mai giram goma sha ne, likita za a tambaya ba a kwatanta da na tumaki ba. Sannan sababbin aure, musamman namijin, sukan jefo 'ya'ya waje daga sheƙa in an dame su ko in bai gama sanin me ake ciki ba.

Wannan jefarwar ce ta sa 'yan kasuwa suke ɗauke ƙwan su sa wa wani finci da ake kira sosayati, shi ba ɗan Ostiraliya ba ne, a Japan aka daɗe ana kiwonsa daga wani tsuntsun Asiya, kuma shi ko ƙwan waye ka sa masa zai kwanta ya rena. Dabarar tana aiki, ba na musu, in ceto za a yi ni ma ina goyon baya. Amma in ta zama sana'a sai macen Guldiyan ta koma injin ƙwai, ana ɗaukewa tana sakewa, kuma ana ta yaɗa zuri'ar da ba a taɓa gwada ko ta iya reno ba. In zan saya tambayata ta farko ita ce wa ya rene shi, in mai sayarwa ya fara kame-kame na san amsar.

Tambaya ta biyu ita ce ko ya gama sauya gashi. Ɗan Guldiyan ba da launin nan yake fitowa ba, kore-kore ne mai toka ba kyan gani, sai ya yi watanni sannan ya zubar ya fito da na manya, kuma lokacin nan ne ya fi rauni a duk rayuwarsa, canjin keji kawai ko doguwar tafiya a mota tana iya sa sauyin ya tsaya cak ko tsuntsun ya tafi gaba ɗaya. Za a ce maka Alhaji ɗauki wannan ai ya fi araha nan da wata biyu zai yi kala. Ka bar masa kayansa ya yi kalar a hannunsa, ka dawo ka biya cikakken kuɗi. In ka kawo shi gida kuma, shi ko zebra ko ma wane ne, keji daban ɗaki daban na wata guda kana kallon kashinsa da numfashinsa, sannan ka haɗa shi da naka.